Wanda ya ce a ƙarar da dangin Innata shi ke rubuta sunayen masu karɓar tallafi

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Gusau, amma ba a nan aka binne cibiyata ba. Gudun hijira ne ya kawo mu daga wani ƙauye a arewacin Zamfara. Mahaifina Bahaushe ne, manomi, Bazamfare gaba da baya. Mahaifiyata Bafulatana ce daga rugar da ke hayin rafin garinmu. Lokacin da aka ɗaura musu aure babu wanda ya ga abin magana a ciki. Da kaka, in an cire amfani, dangin Inna ke sauka a gonar Baba, shanu su ci kara su bar masa taki, shi kuma ya sallame su da dammunan gero. Na tashi ina jin Fulatanci a ɗakin Inna, Hausa a tsakar gida, ban taɓa zaton wata rana za a ce in zaɓi ɗaya ba.

Ina rubuta wannan ne saboda gardamar da ake yawan yi, wai ko ya kamata ɗan siyasa ya ajiye muƙaminsa idan aka tono wata mummunar magana da ya taɓa rubutawa a intanet. Mutane da yawa na yin gardamar daga nesa. Mu a cikin gidanmu ta same mu.

Inna tana da ƙane ɗaya, Kawuna. Mutum ne mai sanyin hali, ko magana zai yi sai ya sunkuyar da kai. Abin da mutane suka manta shi ne, kafin ɓarayin daji su fara ƙona garuruwan Hausawa, shanun Fulani suka fara korawa. Kawu na cikin waɗanda aka yi wa ƙarƙaf tun farkon fitinar. Dare ɗaya aka kore garken da ya gada, ya wayi gari da igiya da sanda. Wasu da irin haka ta same su daji suka shiga suka ɗauki bindiga. Shi bai shiga ba. Ya koma dillancin awaki a kasuwannin ƙauye, yana ciyar da matarsa da 'ya'yansa da ɗan abin da ya samu na la'ada.

Shekarar 2018 ba za ta fita daga ran Bazamfare ba. A watan Maris aka kashe Buharin Daji, ƙasurgumin shugaban ɓarayin daji, muka ce to, an huta. Ashe lokacin ne abin ya ƙara rincaɓewa. Zurmi, Birnin Magaji, Maradun, Anka, Maru, kullum sai ka ji an yi jana'izar mutane a jere. A watan Yunin shekarar, gwamnan lokacin, Abdul'aziz Yari, ya fito ya ce ya ajiye matsayinsa na babban jami'in tsaron jiha, don ba shi da iko da jami'an tsaro. Talaka ya ga ba shi da kowa sai Allah, 'yan sa-kai suka yawaita.

Cikin wannan zafi aka kai hari wani gari kusa da namu, aka kashe mutane da yawa. Akwai wani matashi ɗan garin, ɗan boko, yana cikin sojojin bakan wani ɗan siyasa, kuma yana da mabiya sosai a Facebook. An kashe yayansa a harin. Dole in faɗi wannan, don ba na son in zalunce shi ko da shi ya zalunce mu. Bayan an yi jana'iza sai ya hau shafinsa ya rubuta cewa babu Bafulatanin kirki, duk wanda aka gani a kasuwa infoma ne, kada a sayar musu da hatsi, kada a sayi nonon matansu, kuma ba za a zauna lafiya ba sai an ƙarar da su har na goye. Bai tsaya a sau ɗaya ba. Ya yi ta maimaitawa makonni, yana ƙara gishiri, mutane na yaɗawa, ana yi masa kirari a ƙasan rubutun. Ƙanena ya ɗauki hoton rubuce-rubucen a wayarsa ya nuna mini. Na karanta inda ya ce har na goye, na ɗaga kai na ga Inna tana tankaɗe a bakin murhu.

Ba a yi nisa ba, ranar wata kasuwa, 'yan sa-kai suka zagaye kara, suka ware duk wanda suka ga alamar Bafulatani ne. Kawu na riƙe da igiyar akuyar wani. Dillalai abokan sana'arsa, Hausawa, sun yi ta rantsuwa cewa sun san shi, ba ruwansa. Ba a saurare su ba. Bayan kasuwa aka kai su. Baba ne ya je da amalanke ya ɗauko shi da yamma, don babu Bafulatanin da ya isa ya tunkari wurin.

Ban ce rubutun mutumin nan ne ya kashe Kawu ba. Ba shi ya riƙe adda ba, kuma kafin ya yi rubutunsa an kashe wasu a wasu kasuwanni. Amma na san a teburin mai shayi na garinmu ana karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba abin da ya rubuta, su ce ai ga ɗan boko ma ya faɗa. Yaron da zuciyarsa ke tafasa, yana ɗan jin nauyin abin da zai aikata, irin wannan magana ce ke sauke masa nauyin.

Daga nan Inna ta daina Fulatanci a waje. Ko da mu, sai ta leƙa zaure ta ga ba kowa. Ɓarayin kuma ba su bar mu don muna da uwa Bafulatana ba. Sun shigo garinmu, sun ɗauki ɗan Baffana, sai da aka sayar da gona da shanun huɗa aka kai kuɗin fansa. A wurinsu Baba Kaɗo ne, a wurin wasu 'yan gari Inna uwar ɓarayi ce. Muka tattara muka taho Gusau. Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, ya ƙirga mata kusan 5,000 da aka mayar zawarawa da marayu sama da 25,000. Matar Kawu da 'ya'yanta na cikin irin waɗannan, ko an ƙirga da su ko ba a ƙirga ba. Su ba su iya zuwa Gusau ba. A hedikwatar ƙaramar hukumarmu suka raɓe, cikin wani kango da ba a gama ginawa ba.

Shekaru suka wuce, siyasa ta juya, ubangidan matashin nan ya samu shiga. Sai muka ji an ba shi muƙami, ya zama Honarabul. Kuma ba kowane muƙami ba: shi aka ɗora wa tattara sunayen 'yan gudun hijira da rabon kayan tallafi a yankinmu. Shinkafa, masara, tabarmi, gidan sauro, duk sai da sa hannunsa.

Da aka yi shelar a je a rubuta suna, na kira matar Kawu na ce ta shirya ta je. Ta ce mini, "Ɗiyata, wa ka rubutawa?" Na faɗa mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "In kai mishi sunayen ɗiyana da inda muke kwana? Gara yunwa." Na lallashe ta iya lallashi, ta ƙi. Ba ita kaɗai ba. Matan Fulani da ke cikin kangayen nan kusan duk haka suka yi. Ban ji an ce ya kori kowa daga layi ba, ban kuma ji an ce ya soke sunan wani ba. Bai ma buƙaci yin haka ba. Sunansa kawai ya isa ya hana su zuwa.

Daga baya sai hotunan tsofaffin rubuce-rubucensa suka sake fitowa. Ba don Allah aka fito da su ba, kuma ba don mu ba. Abokan hamayyarsa ne a cikin jam'iyya ke neman kujerar. Da farko ya yi gum. Da abin ya yi yawa sai ya ce kutse aka yi masa a shafi a wancan lokacin. Kutsen da ya yi makonni, mai shafi na amsa gaisuwar masu yi masa kirari! Sai ya bi ya goge komai. Yaransa suka cika ko'ina da cewa tsohon zance ne, hassada ce, siyasa ce, wanda Allah Ya ba haƙuri ya fi a zage shi. Har aka yi barazanar cewa duk wanda ya ƙara yaɗa hoton za a kai shi kotu da dokar laifukan intanet ta 2015. Ƙanena ya tsorata, ya ce zai goge nasa. Na ce ya turo mini tukuna.

A cikin gidana ma ba mu zama baki ɗaya ba. Maigidana mutum ne mai karatun addini, kuma ya ƙaunaci Kawu. Amma ya ce mini, "Malama, ki ji tsoron Allah a kan yaron nan. An kashe masa ɗan'uwa, cikin zafin rai ya yi. In za a tono abin da kowa ya rubuta a Facebook shekarun baya, wa zai tsira? Khalid bin Walid ya yaƙi Musulmi a Uhudu, daga baya aka ba shi tutar yaƙi. Ƙofar tuba ba a hannunki take ba."

Maganarsa ta shige ni, don akwai gaskiya a ciki. Ina koyar da yara, na san mutum na canzawa. Kuma ba na cikin masu cewa duk wanda ya taɓa sakin baki a bar shi ba aiki har abada. 'Yan siyasarmu kullum cikin zagin juna suke, yau wannan ya kira wancan ɓarawo, gobe ka gan su jam'iyya ɗaya suna dariya. Wannan tsakaninsu ne, abin kunya ne, amma ba shi ne zai sa in ce mutum ya sauka ba. Yaron da ya yi ashar a shafinsa yana ɗan shekara goma sha takwas, ya girma ya natsu, ba ni da hujjar bin sa da ita.

Na ce wa Maigida, "Malam, Khalid da ƙafarsa ya taka ya je Madina, a gaban jama'a ya bar abin da yake kai. Bai ce kutse aka yi masa a Uhudu ba. Kuma kai ka karantar da ni labarin Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi Musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. An karɓi tubansa, ba a ce dole mai ciwo ya riƙa kallonsa kullum ba. To yaya za a ce matar Kawu ta je ta durƙusa gaban wannan don mudun shinkafa?" Malamai sun ce tuba na da sharuɗɗa: nadama, da dainawa, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuma da haƙƙin wani a ciki sai an nemi mai haƙƙi. Gogewa daga waya ba ta cikin sharuɗɗan nan.

Ya kawo mini misalin Malam Isa Ali Pantami. Kowa na tune da watan azumin 2021, lokacin yana Ministan Sadarwa, da aka tono tsofaffin karatuttukansa inda ya yi maganganu na nuna goyon baya ga Alƙa'ida da Taliban, aka yi ta kiran ya yi murabus. Fadar shugaban ƙasa ta tsaya masa, ya ci gaba da aikinsa har ƙarshen gwamnatin a 2023. Na ce ai misalin nan ni yake taimaka wa. Malam Pantami ya fito a wurin tafsirinsa ya ce wasu maganganun ya yi su ne yana matashi, kuma ya canza fahimta. Sannan akwai abin da za a nuna a aikace, don an san ya yi muƙabala da Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, tun kafin ƙungiyar ta zama abin da ta zama. Duk da haka, yanzu na fi fahimtar waɗanda hankalinsu bai kwanta ba a wancan lokacin, musamman waɗanda ba Musulmi ba, ganin ma'aikatarsa ce ke kula da rajistar layukan waya da lambar ɗan ƙasa. A lokacin yawancinmu mun ɗauka ƙiyayya ce kawai ake yi wa malami. Wasu ƙiyayyar ce, wasu kuwa tsoro ne na gaske, irin wanda na ji a muryar matar Kawu.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake auna maganganun nan a ƙasarmu. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe. Salihu Tanko Yakasai, mai taimaka wa gwamnan Kano na lokacin, Ganduje, kan yaɗa labarai, ya rubuta cewa gwamnatin jam'iyyarsu ta gaza, ta magance 'yan ta'adda ko ta sauka. Washegari aka kore shi, jami'an tsaron farin kaya kuma suka tsare shi. A 2022 an kama wani ɗalibin jami'a a Dutse saboda rubutu ɗaya da ya yi a kan uwargidan shugaban ƙasa. Ashe dai ana iya hukunta mutum a kan rubutu, kuma cikin gaggawa. Sai dai in manya ya taɓa. In talakawan ruga ya ce a ƙarar, sai a ce tsohon zance ne.

Mu Zamfarawa mun ga wani abu a Shinkafi a watan Yulin 2020, da masarauta ta ba Femi Fani-Kayode, tsohon ministan jiragen sama, sarautar Sadaukin Shinkafi. Jama'a suka tayar da maganganun da ya sha yi a kan Fulani da 'yan Arewa. Wasu masu riƙe da sarautun garin suka ajiye nasu don nuna ƙin amincewa. Dubi wanda ya yi murabus a nan: ba mai maganar ba, waɗanda suka ji kunya ne. A shekarar da ta biyo baya ya koma APC, aka kai shi har gaban Shugaba Buhari. Na yaba wa mutanen nan na Shinkafi har yau, don sun nuna akwai sauran masu ganin mutunci ya fi rawani.

Na tambayi wani lauya, mijin abokiyar aikina, ko akwai hanyar doka. Ya ce in zaɓaɓɓen ɗan majalisa ne akwai kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a Kogi, abin ya rushe a 2018 wajen tantance sa hannu. A yankin da rabin garuruwa suka watse, ina za ka tara rabin masu rajista? Wanda kuwa naɗa shi aka yi, kamar namu, sai wanda ya naɗa shi ya cire shi, ko shi ya ajiye da kansa.

Baba bai yarda da takarda ba. Ya ce shi zai je ya gan shi ido da ido, don ya san mahaifinsa, sun yi noman gayya tare. Ya ɗauki limamin garinmu, wanda shi ma yana gudun hijira, suka tafi. Honarabul ya karɓe su da mutunci, ya durƙusa ya gaishe su. Baba ya ce masa, "Ɗana, ni ban zaka neman komi ba. An kashe maka yaya, an kashe min suruki, duk ciwo guda ne. Abu biyu nika roƙo. Inda ka rubuta waccan magana, koma nan ka rubuta cewa kai ka yi ta, kuma kuskure ce, Bafulatanin da bai ɗauki bindiga ba jininshi haramun ne. Sannan ka taka ka tai wurin matan ga da ke cikin kangaye, ka ce su zo su rubuta suna, ba abin da za ya same su."

A cikin ɗakin, ba kowa sai su uku, bai ce kutse ba. Ya ce, "Baba, wallahi na san na yi, kuma zafin rai ne. Amma in na fito na faɗi haka yanzu, mutanena za su ce na bi bayan ɓarayi. Zaɓe na tafe. A yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce." Ya sa aka kawo buhun shinkafa da ambulan, ya ce a kai wa iyalan mamacin. Baba ya yi masa godiya, ya bar su a nan ya fito.

Wannan amsar ce ta yanke mini hukunci, har Maigida ma bai ƙara kare shi ba. Da ina tunanin ko ya canza, kunya ce ta hana shi magana. Ashe har yanzu yana cin moriyar rubutun. Farin jinin da ya kai shi kujerar daga nan ya samo shi, kuma yana tsoron ya janye kada ƙuri'a ta ragu. Ta yaya za a kira magana tsohuwa alhali mai ita na ci da ita yau? Ba shekarun rubutu nake dubawa ba. Ina duba wa aka ce a kashe, da ko kujerar da mutum ke kai tana da iko a kan waɗannan mutanen, da abin da ya yi ranar da aka tuna masa. A duka ukun mutumin nan ya faɗi.

Don haka ina cewa ya sauka. Ban ce a ɗaure shi ba, ban ce a hana shi neman abincinsa ba, kuma ba na yi masa fatan sharri, don shi ma maraicin ɗan'uwa yake ɗauke da shi. Ya yi kasuwanci, ya yi noma, in ya gyara tsakaninsa da mutane ya dawo ya nemi duk abin da yake so. Amma rabon abincin marayu amana ce, kuma rabin marayun tsoronsa suke ji. A ba wani wanda Bahaushiya da Bafulatana za su iya tsayawa gabansa su faɗi sunan 'ya'yansu.

Mun rubuta takardar koke zuwa ga wanda ya naɗa shi, mun haɗa da hotunan rubutun. Liman ya sa hannu, dillalan awakin nan da suka yi wa Kawu rantsuwa a kara su ma sun sa. Inna ta dangwala yatsa, ta ce a rubuta sunanta cikakke da na mahaifinta, yadda duk wanda ya karanta zai san Bafulatana ce. Har yanzu ba a ba mu amsa ba. Honarabul na nan a kujerarsa, har an fara liƙa hotunansa na neman wata da ta fi ta. An yi rabon shinkafa kafin azumi, matar Kawu ba ta je ba. Daga albashina da ɗan abin da ƙanena ke samu a acaɓa muke aika musu duk wata, kuma babban ɗanta yana wurina yanzu, na sa shi aji huɗu.